Itace da Dutse: Lacca a kan Ishara da Hali a Zanen Su Shi

Shugaban wannan zama, malamaina, iyayena da 'yan'uwana maza da mata, bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina roƙonku ku ba ni aron hankalinku zuwa wani ɗan lokaci, domin mu tafi tare ƙasar Sin ta ƙarni na 11 na Miladiyya, mu tsaya a gaban wata 'yar takarda wadda tsawonta bai wuce santimita 50 ba, faɗinta kuma kimanin 26, wadda babu kome a cikinta sai wani busasshen itace, da wani dunƙulallen dutse, da 'yan ganyayen gora da suka leƙo daga bayansa, amma duk da wannan ƙaranci nata masana na ƙasar sun yi ɗaruruwan shekaru suna gadonta hannu da hannu, suna rubuta ta'aliƙi a gefenta, suna buga mata hatimansu. Sunan zanen Itace da Dutse, kuma ana jingina shi ga wani malami, mawaƙi, ma'aikacin hukuma, mai suna Su Shi.

Tun da yake akwai malamai a cikin wannan zaure, ya kamata in kau da wata shubuha tun da wuri. Zancen zane yakan sa wasu su ja baya, saboda abin da aka sani na hani a kan suranta masu rai. To amma itace da dutse ba su shiga wannan babi ba, domin ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa sa'ad da wani mai sana'ar sura ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, yana neman fatawa a kan sana'arsa, sai ya yi masa nuni da ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai, kuma a kan haka jamhurin malamai suka tafi. Ba kuma yau Musulmi suka fara yaba hannun mutanen Sin ba: Ibn Baɗuɗa, wanda ya ba da labarin ƙasarsu a ƙarni na 14, wanda kuma ya ratso hamada har Takedda ta ƙasar Nijar ta yau a shekarar 1353, ya shaida cewa bai ga wata al'umma da ta kai su gwanintar sura ba.

An haifi Su Shi a shekarar 1037 a garin Meishan na lardin Sichuan, a gidan ilimi, domin mahaifinsa Su Xun da ƙanensa Su Zhe duka ana lissafa su cikin manyan marubutan ƙasar. Daular Song ce ke mulki a lokacin daga birnin Kaifeng, kuma babbar ƙofar shiga aikin hukuma a wurinta ita ce jarrabawa a kan littattafan magabata, wadda Su Shi ya ci tare da ƙanensa a shekarar 1057, yana ɗan shekara ashirin, a hannun babban malamin zamanin, Ouyang Xiu. Da Sarki Shenzong ya hau gado, ya miƙa wa waziri Wang Anshi ragamar gyaran mulki daga shekarar 1069, aka shigo da sababbin dokoki, daga cikinsu har da bashin da hukuma ke ba manoma kafin girbi su biya da ƙari, aka kuma tsananta riƙon cinikin gishiri a hannun hukuma, sai Su Shi, wanda aikinsa ya kai shi larduna ya ga yadda dokokin ke sauka a kan talaka, ya ƙi yin shiru, ya faɗa a takardun da yake aika wa fada, ya kuma faɗa a cikin waƙoƙinsa, waɗanda jama'a ke kwafa suna yaɗawa.

Kafin in kai ku ga abin da wannan ya jawo masa, wajibi ne mu san harshen da masu zane na zamaninsa ke magana da shi, domin itace a zanensu yana da ma'ana sananniya, kamar yadda isti'ara take da ƙa'ida a wurin malaman balaga. Mafi kyawun misali shi ne aikin Guo Xi, babban mai zanen fadar Sarki Shenzong, wanda ya zana Farkon Bazara a kan alharini a shekarar 1072, tsayinsa kimanin santimita 158, faɗinsa 108, yana nan ajiye yanzu a gidan adana kayan tarihi na fada da ke birnin Taipei. A tsakiyarsa akwai wani ƙasaitaccen dutse wanda ya miƙe sama yana lanƙwasa, hazo ya ɗaure masa ƙugu har mai kallo ba ya gane inda ƙasansa ya haɗu da samansa. Ƙananan duwatsu sun kewaye shi dama da hagu. Daga ƙasa kuma ga wasu dogayen itatuwa biyu tsaye ƙyam a kan falalen dutse, ga masunta da matafiya 'yan mitsi-mitsi, kowa yana kan sha'aninsa. A cikin littafin da ɗansa Guo Si ya tattara daga koyarwarsa, an bayyana ƙarara cewa babban dutse yana matsayin sarki a tsakanin manyan fadawansa, dogon itace kuma yana matsayin mutumin kirki wanda ƙananan tsirrai ke jingina da shi, kuma kowane yanayi na shekara yana ba dutse fuska irin ta ɗan Adam, wani lokaci kamar mai murmushi, wani lokaci kamar mai barci. Wannan zane, ke nan, siffar daula ce wadda kowane abu a cikinta ya san muƙaminsa, kuma halin da yake saukar wa zuciya natsuwa ce da kyakkyawan zato ga sabon zamani.

Itacen da suka fi girmamawa a wannan harshe shi ne wanda Larabawa ke kira sanaubar, mai ganye kamar allurai, wanda ba ya kaɗewa ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa, kuma tun zamanin tsohon malaminsu Konfushiyas ake buga misali da shi ga mutumin da ba a sanin ƙimarsa sai wuya ta zo. Mu da muka san gawo, wanda yakan tuɓe ganyensa da damina sa'ad da kowane itace ke taƙama da nasa, sa'an nan ya yi kore shar da rani lokacin da daji ya bushe, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, ba za mu sha wahalar gane yadda al'umma ke duban itace ta ga ɗabi'ar mutum a jikinsa ba. Gora kuma, saboda tana sunkuyawa ga iska ba ta karyewa, cikinta kuwa rami ne, sai suka mai da ita alamar tawali'u da riƙon amana. Waɗannan ma'anoni mallakar kowa ne, yaro ma yana haddace su a makaranta. Kuma da yake mallakar kowa ne, maƙiyi ma yana iya ɗaukarsu ya yi makami da su.

Haka kuwa aka yi. A shekarar 1079, Su Shi yana riƙe da garin Huzhou, sai manzanni suka zo daga Kaifeng suka kama shi, aka tafi da shi kurkukun ofishin masu binciken ma'aikata, inda ya yi kwana fiye da ɗari ana tuhumarsa da zagin sarki a ɓoye cikin waƙa. Iyalinsa, saboda firgitar binciken da aka yi musu, suka ƙone da yawa daga rubuce-rubucensa. Masu tuhuma suka tattara waƙoƙinsa suka bi su baiti baiti, suna tilasta masa ya faɗi abin da kowace kinaya ke nufi, har abokan da suka karɓi waƙa daga hannunsa aka ci su tara, aka rage wa ƙanensa muƙami. An ruwaito cewa daga cikin abin da aka kai gaban sarki akwai wata waƙa da ya yi wa wasu itatuwa biyu, inda ya yabi miƙewar saiwoyinsu a can cikin ƙasa, ya kuma ambaci wata dabba ta almara mai siffar ƙaton maciji wadda ke kwance a ɓoye a ƙarƙashin ƙasa. Da yake ita wannan dabba alamar sarauta ce a wurinsu, sai wani waziri ya yi tawili cewa mawaƙin ya bar sarkin da ke kan gado yana neman wani a ɓoye, wanda kuwa hukuncinsa kisa ne. Sarki Shenzong, duk da fushin da yake yi da shi, ya ƙi karɓar wannan tawili, ya ce mutumin itace yake wa waƙa, babu ruwansa da sarauta. Ku dubi wannan al'amari da kyau, jama'a: ran babban malamin ƙasa ya rataya a kan tafsirin saiwar itace.

Ya tsira da ransa, aka kore shi zuwa Huangzhou a bakin kogin Yangtze a farkon shekarar 1080, da muƙami na suna kawai, ba iko, ba albashin kirki. Shi da kansa ya ba wani almajirinsa labari a wasiƙa cewa a farkon kowane wata yakan ɗauki kuɗi 4,500 na tagulla ya raba su ƙulli 30, ya rataye a jikin azarar ɗaki, kowace safiya ya sa sanda ya sauko da ƙulli ɗaya na 150, sa'an nan ya ɓoye sandar don kada ya ƙara. Daga baya aka ba shi wani kangon fili a gabashin garin, ya share shi, ya kama noma da hannunsa, ya kuma laƙaba wa kansa sunan wannan gangare, wato Dongpo, sunan da mutanen Sin suka fi saninsa da shi har yau. A can ne wani saurayi gwanin rubutu mai suna Mi Fu ya kai masa ziyara, kuma Mi Fu ya ba da labarin cewa Su Shi ya sa aka manna takarda a bango, ya tashi ya zana masa gora, da busasshen itace, da wani baƙon dutse, ya ba shi kyauta. Mi Fu ne kuma ya bar mana shaidar da duk mai magana a kan wannan babi yake komawa gare ta, cewa murɗewar itatuwan Su Shi da baƙuntar duwatsunsa sun yi kama da abin da ke nannaɗe a cikin ƙirjinsa.

To, yanzu mu zo ga takardar kanta. Irin wannan zane ba a rataye shi a bango. Naɗe shi ake yi a ajiye, sai abokai sun taru a ɗora shi a kan tebur a riƙa kwancewa a hankali daga dama zuwa hagu, ta fuskar da muke karanta Larabci da ajami. Saboda haka abin da ido ke fara cin karo da shi shi ne farar takarda, babu gajimare, babu tsuntsu, babu wani tsauni daga nesa. Sa'an nan kawunan rassa su bayyana, sirara, tsayayyu, masu tsini, ba ganye ko ɗaya, sun rarrabu suna duban sama. Idan aka bi su ƙasa sai a tarar da jikin itacen ya karkata ƙwarai zuwa dama kamar wanda iska ta daɗe tana turawa ta fuska ɗaya, kuma kafin ya kai ga rassan sai ya murɗe a kan kansa, ya yi wani zagaye kamar ƙulli, sa'an nan ya saki ya ci gaba. Gindinsa yana can maƙale da gindin dutsen. Shi kuwa dutsen, wanda ya kamata a ce shi ne mafi tabbata a cikin zanen, shi ne ya fi kome motsi, domin an gina shi da layuka masu zagayawa suna shiga cikin juna kamar ruwa mai juyawa, har ido ba ya samun inda zai tsaya a kansa ya huta. Sai an wuce shi zuwa hagu ake ganin 'yan ganyayen gorar nan, gajeru, da tawada mai ɗan duhu, da kuma 'yan ciyayi a gindin itacen.

Kayan aikin kuwa su ne kayan rubutu, ba ƙari: alƙalami na gashin dabba mai tsinin baki, da tawada wadda ake yi da baƙin hayaƙin itacen sanaubar a kwaɓa da danƙo a busar, in za a yi aiki a niƙa ta da ruwa a kan dutse, da takarda mai shan ruwa wadda ba ta yarda a goge kuskure a kanta. A wannan zane an riƙe alƙalamin da ƙarancin tawada, kusan a bushe, aka riƙa jansa yana karce takarda, ta yadda gashinsa ke rarrabuwa, farin takardar yana leƙowa ta tsakiyar kowane layi. Mai kallo yana iya bin sawun hannun, ya ga inda ya danna, da inda ya sassauta, da inda ya yi gaggawa, da inda ya tsaya ya juya, kamar yadda malamin da ya saba da rubutun hannu yake gane wanda ya rubuta cikin natsuwa da wanda ya rubuta cikin damuwa ko da kalmomin iri ɗaya ne. A nan ne, a ganina, halin zanen yake zaune, a cikin tafiyar alƙalami, domin ishara ana koyonta daga littafi a kwana ɗaya, amma wannan bushewa da wannan murɗewa ba sa fitowa sai daga hannun wanda ya ɗanɗana abin da ya haife su. Shi Su Shi da kansa ya raina mai auna zane da ma'aunin kamanni kawai, ya ɗauke shi a matsayin mai fahimtar yara. Kuma ya yaba wa abokinsa Wen Tong, gwanin zanen gora wanda ya rasu a shekarar 1079, da cewa gorar takan cika a zuciyarsa tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Me ya sa mutumin da ya san darajar sanaubar a harshen mutanensa, wanda da ya so da ya zana kansa a matsayin itace kore a tsakiyar sanyi, ya zaɓi busasshen itace karkatacce? Amsa ta farko a fili take: tsufa, da hasara, da ƙuncin wanda aka raba da aikinsa. Amma akwai ta biyu, wadda ta zo daga littafin Zhuangzi, tsohon masanin hikima wanda Su Shi ke ƙauna tun yana yaro, inda aka ba da ƙissar wani masassaƙi da ya wuce wani ƙaton itace bai ko waiwaye shi ba, domin katakonsa ba ya jirgi, ba ya ƙofa, ba ya akwati, sai itacen ya zo masa a mafarki ya nuna masa cewa rashin amfanin nan shi ne ya tsare shi daga gatari har ya kai wannan girma. Ga ma'aikacin da hukuma ta jefar, wannan ƙissa magani ce. Akwai kuma ta uku, daga masu zuhudu na addinin Buddha, waɗanda Su Shi ya yi abota da da yawa daga cikinsu, su kuwa busasshen itace a wurinsu misali ne na zuciyar da sha'awa ta mutu a cikinta ta sami sukuni. Baƙin ciki, da kuɓuta, da zuhudu, dukansu uku suna nan a cikin itace guda, kuma babu wanda ya kori ɗan'uwansa.

Nan ne nake so in ja kunnen kaina da naku a kan wani kuskure mai sauƙin aukuwa. Mutum yakan ji tarihin da na bayar, sai ya yi maza ya ce ai magana ta fito: itacen shi ne Su Shi, dutsen shi ne Wang Anshi da mutanensa da suka danne shi, gorar kuma ita ce fatan samun sauƙi. Wannan tafsiri yana da daɗin faɗi, amma ina ƙinsa da hujja biyu. Ta farko, dutse a wurin waɗannan malamai abin ƙauna ne. Su Shi yana tara duwatsu masu baƙuwar siffa yana ba su suna yana yi musu waƙa, Mi Fu kuwa labarinsa ya shahara cewa ya taɓa sa tufafin aiki ya sunkuya ya gai da wani dutse yana kiransa yayansa, saboda haka babu dalilin da zai sa a ce dutsen zanen maƙiyi ne, alhali yana iya zama shi ne majingina wadda ta hana itacen faɗuwa. Kuma shi Su Shi bai riƙe Wang Anshi a matsayin dutsen da ya danne shi ba, domin a shekarar 1084, da aka sassauta masa, ya bi ta birnin Nanjing ya ziyarci tsohon wazirin a inda ya yi murabus, suka zauna suna muzakarar ilimi da waƙa. Hujja ta biyu ta fi nauyi a zuciyata: wanda ya ɗaure kowane abu na zanen da ma'ana guda, ya ce wannan shi ne wane, wancan shi ne wane, ya bi sawun wazirin nan da ya so a kashe mutum a kan saiwar itace. Mutumin da aka yi wata da watanni ana matsa masa ya fassara kinayarsa a gaban masu tuhuma, in ya ɗauki alƙalami ya zana abin da ke nuna halinsa duka ba tare da ya ambaci kowa ba, haƙƙinsa ne a kanmu mu karɓi abin yadda ya ba mu shi.

Sau da yawa idan ina duban hoton wannan zane nakan tuna da Imam Gazali, wanda aka haifa a shekarar 1058 ya rasu a 1111, wato zamaninsu ɗaya da Su Shi, ko da yake babu wanda ya san da ɗan'uwansa. A cikin Ihya'u, a babin abubuwan al'ajabi na zuciya, ya kawo ƙissar gasar da aka yi tsakanin masu zane na Rum da na Sin a gaban wani sarki, aka ba kowane ɓangare bango, aka sa labule a tsakani. Mutanen Rum suka tara launuka iri-iri, mutanen Sin kuwa ba su nemi launi ba, sai suka dage da goge nasu bangon har ya zama kamar madubi, da aka yaye labule sai aikin Rumawa ya bayyana a cikinsa da ƙarin haske. Imam Gazali misali yake bugawa a kan bambancin mai tara ilimi da mai tsarkake zuciya, ba tarihin zane yake bayarwa ba, kuma ba na so in ɗora wa maganarsa abin da bai nufa ba. Abin da ya ɗauki hankalina kawai shi ne, a daidai shekarun da yake rubuta wannan, akwai wasu malamai a ƙasar Sin waɗanda da gaske suka ajiye launuka, suka wadatu da baƙi da fari, suka kuma yi ittifaƙi cewa darajar zane tana bin darajar zuciyar mai zanen.

Sauran rayuwar Su Shi hawa da sauka ce. Bayan rasuwar Sarki Shenzong a 1085 aka dawo da shi fada da girma. A 1089 ya riƙe birnin Hangzhou, inda ya yashe tafkin yamma ya gina hanyar da har yau ake kira da sunansa. A 1094 iska ta sake juyawa aka kore shi zuwa Huizhou a kudu, a 1097 kuma aka tsallakar da shi teku zuwa tsibirin Hainan yana ɗan shekara sittin. An yafe masa a 1100, ya rasu a Changzhou a 1101 a kan hanyarsa ta dawowa. Mutuwa ma ba ta raba shi da maƙiya ba, domin a zamanin Sarki Huizong an sassaƙa sunansa a dutse cikin jerin mutum 309 da aka haramta, aka kuma ba da umarnin lalata allunan buga littattafansa. Shi wannan Huizong, wanda gwanin zane ne na haƙiƙa, ya so duwatsu so irin na mallaka, ya sa ana ciro masu baƙuwar siffa daga kudu ana jigilarsu a jiragen ruwa zuwa lambunsa na Kaifeng da gumin talakawa, abin da ya taimaka wajen tayar da bore a shekarar 1120, kuma a 1127 mayaƙan daular Jin suka ci birnin suka tafi da shi a kame.

Zanen da muke magana a kansa ba ya ɗauke da sa hannun Su Shi. Sanadinsa yana cikin ta'aliƙin da ke biye da shi a naɗin, inda wani mai suna Liu Liangzuo ya rubuta cewa wani dattijo mai suna Feng na garin Runzhou, wanda ya ajiye aikin hukuma shekara talatin ya shiga hanyar masu zuhudu na Tao, shi ne ya nuna masa zanen, sai ya yi masa waƙa ya kuma gayyaci Mi Fu ya yi tasa. Waƙar Mi Fu tana nan biye, da rubutun hannunsa, tana kukan talauci da tsufa da wuyar hanyar duniya. Bayansu wasu malamai biyu na ƙarnonin baya sun ƙara nasu, ga kuma hatiman masu ajiya fiye da 40. A ƙarni na 20 naɗin ya fita zuwa Japan ya daɗe ba a ganinsa sai a hoto, har ranar 26 ga Nuwamba 2018, sa'ad da kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da shi a Hong Kong a kan dalar Hong Kong miliyan 463.6, kimanin dalar Amurka miliyan 59.

Masana sun yi saɓani a kansa, wasu suna tabbatar da jinginawar, wasu suna ganin hannun wani ne daga baya wanda ya bi tafarkinsa, kuma saɓani ne na ilimi wanda ya cancanci girmamawa, domin ana yinsa a kan takarda da hatimi da salon rubutu, kamar yadda malamanmu ke bin isnadi. Ni dai na karkata ga masu tabbatarwa, saboda abin da ke cikin takardar ya dace da siffar da Mi Fu ya bayar, shi kuwa ya ga hannun mutumin yana aiki da idonsa. Abin da babu saɓani a kansa shi ne cewa daga wannan da'ira ta Su Shi da Wen Tong da Mi Fu ne zanen malamai ya samo asali ya bambanta da zanen fada, har Zhao Mengfu, wanda ya rayu daga 1254 zuwa 1322, ya zo ya karantar da cewa dutse da itace rubuta su ake yi da ƙa'idojin rubutun hannu, Ni Zan kuma a shekarar 1345, daular Mongol tana gab da rushewa, ya zana itatuwa shida tsaye a kan wani tudun duwatsu a bakin ruwa, babu mutum ko ɗaya a wurin, zanen da ke ajiye yanzu a gidan adana kayan tarihi na Shanghai.

Shugaba, a nan zan dakata, domin a sami lokacin tambayoyi da gyare-gyaren malamai.